Wutsiyar Tsere

Lahsan ya sauya giya, gwiwarsa ta hagu ta amsa da zogi. Ƙarfen da likitoci suka sa masa a ciki ba ya son hawa, ga shi hawan dutsen Tishka bai ko kai rabi ba.

Sauran 'yan tseren keke sun daɗe da ɓacewa a bayan duwatsu. Motocin ƙungiyoyi sun bi su, masu ɗaukar hoto ma haka. Abin da ya rage a gabansa keke ɗaya ne, da bayan ƙaninsa Idir: riga a yage daga kafaɗa, jini ya bushe a gwiwar hannu tun faɗuwar da ya yi cikin tsakuwa da hantsi.

Daga tseren Agadir a farkon shekara har zuwa na Ujda, Lahsan ne na ƙarshen isowa. Kullum sai ya tarar ana kwance lasifika, ana naɗe tutoci. Bai wuce kowa ba duk bana, kuma abin ya daina yi masa ciwo. Da safe, wurin shayi da burodi da man zaitun, yaran da ke tseren kan yi masa tsiya.

"Lahsan, Allah ya raba mu da ganin fuskarka yau!"

"Amin," yakan ce. "Ni ma ba wani kyau na gani a taku ba."

Yau da safe dai babu wanda ya yi dariya a teburin su Idir. Ƙaramar ƙungiya ce, wani mai masana'antar kifin gwangwani ke riƙe da ita, kuma ya ce baɗi zai rage mutane. Wannan ne tseren ƙarshe na bana. Si Buazza, mai horar da su, ya ajiye kofinsa ya dubi Idir.

"Sau biyu ka dawo mini a motar tsintsiya bana. In ta zama uku, ka bar keken a ciki, ka wuce gida."

Kowa a sana'ar nan ya san motar tsintsiya. Tsohuwar farar bas ce mai tsintsiya ɗaure a ƙofar baya, tana bin wutsiyar tsere tana kwashe waɗanda suka gaza. Wanda ya kasa, a cire masa lambar da ke bayan rigarsa, a loda kekensa, ya zauna shiru har masauki. Duk sau biyun, Idir ya yi kwanaki bai yi wa yayansa magana ba. Gida kuwa, a wurinsa, yana nufin ɗakin wanki na wani otal a Marrakesh, inda kawunsu ya daɗe da ajiye masa gurbi.

Yanzu ƙugin injin motar ya cika kwarin. Idir bai waiwaya ba. Lahsan kuwa har cikin ƙashin bayansa yake jin sa.

"Sha ruwa, autan Inna," ya ɗaga murya. "Zauna a sirdi, daina wannan rawar. Ka ga jan gidan can? Shi kaɗai za ka kalla."

"Yaya, don Allah ja baya. Kana shaƙe ni."

Lahsan ya ja baya kaɗan. Iyakar abin da zai iya ke nan. Ba damar wucewa, ba damar tsayawa. Ko hannu ya miƙa ya taɓa bayan yaron, korar Idir za a yi nan take. Dama rami, hagu dutse. Shekarun baya, kafin ƙarfen, ya taɓa hawa nan a sahun gaba, har ya ji ana kiran sunansa. Ya san inda hanyar ke yin sauƙi, ya kuma san da saura.

A wata kwana, masu sayar da duwatsun ado suka tashi daga inuwa suna tafi. Ɗaya ya bi Idir da gudu ya kwara masa ruwa a ka. Lahsan ba wanda ya tafa masa.

Wani babur ya gangaro daga sama ya juyo ya jera da shi. Si Mubarak ne, alƙalin tseren.

"Lahsan, ya isa haka. Jandarmomi na son buɗe hanya. Manyan motoci sun yi layi har ƙasa."

"Si Mubarak, ka bar mu mu kai sama. Daga can gangara ce, za mu kamo lokaci."

"Mu?" Si Mubarak ya dube shi, ya dubi yaron da ke tangaɗi a gaba. Ya goge gilashin idonsa da yatsa. "Don darajar mahaifinku. Amma in ya tsaya, kada in sake magana."

Suka ci gaba, a tafiyar da akuya ma za ta raina. Jan gidan ya wuce. Kwana, sai wata kwanar. Can sama, tutar da ke nuna ƙarshen hawa ta bayyana, iska na kaɗa ta. Lahsan ya ji yana danna ƙafa tare da ƙaninsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Sai cinyar Idir ta dama ta ɗaure. Keken ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata. Takalmin ya fita daga feda, ƙafa ta taɓa kwalta.

Ya yunƙura zai hau. Ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ya sake gwadawa, sannan ya kwantar da keken a hankali a gefen hanya, ya dafa gwiwoyinsa. Si Mubarak ya kau da kai yana kallon duwatsu.

"Yaya," in ji Idir, bai juyo ba. "Zo ka cire lambar."

Lahsan ya ja birkin hannu, ya kashe injin motar tsintsiya, ya sauko yana ɗingishi don ya buɗe wa ƙaninsa ƙofa a karo na uku.