Yadda Ɗanmalam Ya Cinye Uwar Kuɗinsa

Shekara talatin Ɗanmalam ya yi yana jan motar auduga tsakanin Garwa da Ngawundare, har bayansa ya daina miƙewa. Da aka sallame shi a 2010, aka ba shi sefa miliyan huɗu. Buri ɗaya ya rage masa a duniya: ya mallaki gidan da yake haya a unguwar Pumpumre cikin Garwa, inda aka haifi 'ya'yansa duka. Mai gidan ya yi alkawarin sayar masa bayan shekara biyar, idan ya tashi komawa garinsu Poli.

To, ina za a ajiye kuɗin kafin nan? Ɗanmalam ya ga bankunan da suka durƙushe da ajiyar mutane a ƙarshen shekarun 1980, ya kuma ga Janairun 1994 da aka raba darajar sefa biyu. Zuciyarsa ta gaji da zullumi.

A Disamban 2010 gwamnati ta fitar da takardun lamuni, waɗanda ma'aikatan banki ke kira obligasiyon. Ma'anarsu ita ce kai ne za ka ba gwamnati rance zuwa wani wa'adi, ta riƙa ba ka ƙari duk shekara, ta kuma mayar maka da uwar kuɗinka. Sai dai mayarwar iri biyu ce. A wani lamunin, sai ƙarshen wa'adi ake biyan uwar kuɗi a dunƙule. A wani kuwa gutsura ta ake yi, a haɗa da ƙarin, a riƙa biya kashi-kashi. Na wannan shekarar irin na biyun ne.

Madam Germaine, ma'aikaciyar bankin da ya je, ta yi masa bayanin duk wannan da Faransanci. Faransancin Ɗanmalam kuwa na kan hanya ne, wanda ake gaisawa da jandarma da shi a shinge.

"Papa, kun gane? Ko in kira mai jin Hausa?"

Ya dube ta, sa'ar 'yarsa ce. Ga kuma maƙwabcinsa a layi, ya kasa kunne.

"Wi, wi, na gane, madam. Mu da muka ga jiya muka ga yau?"

Ya sa hannu.

Shekarar farko aka ba shi ɗan ƙari kaɗan. A ta biyu sai ga fiye da miliyan guda. Ya shiga gida yana baza riga.

"Malam, wannan duka riba ce?" in ji matarsa Iyatu. "Ko atamfa ba ta haihuwa haka."

"Ke me kika sani? Gwamnati ce fa, ba adashen matan unguwa ba."

"Ni dai da an koma an tambaya."

"In koma in ce ban gane ba? Da furfurata?"

Bai yi caca ba, bai yi shashanci ba. Ragon layya ya ƙara girma, ɗan ƙanensa ya samu babur, dangi daga Bogo suka gane hanyar gidan, kowa ya zo ba ya komawa hannu rabbana. Haka aka yi shekara uku, yana kwana da tabbacin cewa miliyan huɗunsa na nan ba a taɓa ba.

A ƙarshen 2015 biya na ƙarshe ya shigo, mai gida kuma ya aiko cewa ya shirya. Ɗanmalam ya sa babbar riga ya tafi banki karɓo jarinsa.

"Papa, ai an gama biyan ku," in ji Germaine. "Babu saura."

"Wancan nono na sha, 'yata. Yanzu saniyar nake so."

Ta cire tabarau ta murza idanunta, sannan ta kira wani dattijon ma'aikaci mai jin Hausa. Ya zauna kusa da shi, ya sassauta murya.

"Baba, tun daga shekara ta biyu, duk shekara tare da nonon ana ba ku ƙafa ɗaya ta saniyar. Wadda ta shigo makon jiya ita ce ta huɗu."

Ɗanmalam ya tashi ya koma gida. Ba wanda ya cuce shi, ba kuma wanda zai kai ƙara. Abin da ya rage a hannunsa bai kai sulusin kuɗin gidan ba.

Mai gida ya yi masa kara har bayan damina, sannan ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga Kuseri. Ranar tashi, Iyatu ta ɗaure kwanukanta a zane. Shi ya ɗora gadonsu a kan amalanke da bayansa mai ciwo, ya bi ta a ƙafa zuwa ɗaki biyu na haya a bakin gari.

Jama'a, lamuni rance ne, ba kiwo ba. Halascin ƙarinsa a tambayi malamai. Amma kafin ka sa hannu, tambayi yaushe da yadda uwar kuɗinka za ta dawo, cikin harshen da kake ji. Kunyar cewa "ban gane ba" ta raba dattijo da gida.