Fitilar da Baba Ya Rufe da Hula

Matso kusa ka ji wannan. Ina 'yar shekara tara, wata la'asar asma ta taso wa Kaka. Baba ya sa ta a bayan mota, ni a gaba, muka taso daga Tumfure za mu asibiti. Lokacin wahalar mai ne, gidajen mai duk a rufe.

Ba mu yi nisa ba sai 'yar fitilar mai ta kama. Baba ya cire hularsa ya rufe ta, kada Kaka ta gani.

"Baba, mai ya ƙare?"

"Bai ƙare ba. Motar nan halin kakarki gare ta. Ko ta ce babu, akwai abin da ta ɓoye a gindin tukunya."

"Ja'iri, ina jin ka," in ji Kaka da ƙyar.

Baba ya yi dariya, amma gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni kuwa numfashinta na yi ta ƙirgawa har ƙofar asibiti.

Har yau in na ga fitilar nan gabana faɗuwa yake. Kai da ke yawo da ita a kunne a motarka, ka san wa za ka ɗauka gobe?