Gwanin Bayan Katanga

Murfin tukunyar Hajja Bintu na cikin rigar ɗanta Mikail lokacin da gyaran muryar nan ta taso daga zaure. Kowa a gidan ya san ta. Takan fara kamar Keke Napep da ya ƙi tashi, ta ƙare da ɗan tari. Da an ji ta yara ke kashe waya, mai dariya ya haɗiye abarsa.

Alhaji Ba'ana ya shigo, ya dubi ɗansa sama da ƙasa. Mutum ne da ko tafi ba a yi a gidansa. Ya taɓa fasa rediyo don kawai ta saka kiɗa kafin labarai. Komai nasa daban ne, butarsa ta ƙarfe daban, bayinsa daban can ƙarshen gida inda ba mai zuwa. In ya shiga da safe har a gama karyawa bai fito ba. Hajja ta ce basir ne, a sa shi a addu'a.

"Ranar da na ji ka da kiɗa, ka gama kwaleji," in ji Alhaji. "Shago na jiran ka a Kasuwar Litinin."

Mikail ya ce to, yana danne murfin da hammata. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ya tsufa yana auna yadi.

A kwaleji kuwa shi ne shugaban 'Yan Tarkace, shi da Ketura da Pindar. Suna kaɗa jarka da kwalaben lemo da sarƙar keke da wani fasasshen kaskon turaren wuta, suna ce da abin sabon salo. Tsakani da Allah hayaniya ce. Ko awakin bayan aji tashi suke yi.

Ana haka Ketura ta zo da wayarta tana rawar jiki.

"Gidan innata na kwana, a unguwarku ma, Jiddari Polo. Ina wanki da safe na ji wannan ta bayan katanga. Ku saurara!"

Yatsu ne a kan ƙarfe, suna gudu, suna tsayawa, suna tsokana. Da ruwa a cikin abin, don amon yakan sauya in an karkata shi. Tsigar jikin Mikail ta tashi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi da irin wannan ne ya haife ni, da na huta," ya ce.

A kan wannan sautin suka ɗora kiɗansu gaba ɗaya, suka shiga bikin fasaha na kwalejin.

Ashe Hajja ta gaji da neman murfinta ta kai ƙara wurin Alhaji. Ranar biki da la'asar, Mikail na hawa dandamali ya ga babbar rigar Alhaji a layin gaba. Gudu ba zai yiwu ba, Pindar ya riga ya kunna wayar a lasifika.

Suka fara. Yatsun gwanin na tashi, fuskar Alhaji ta sauya. Gumi ya karyo masa. Mikail ya ce a ransa shi ke nan, gobe war haka yana jera atamfa. Tunda ta ƙare, sai ya daki murfin uwarsa iya ƙarfinsa.

Ɗalibai suka miƙe da tafi da ihu. Alhaji ma ya miƙe, amma ƙofa ya nufa, da saurin da ba a san shi da shi ba.

Murna ta sa Pindar ya manta bai kashe wayar ba. Tafi na lafawa, aka ji sauran abin da Ketura ta ɗauka. Bokitinta ya faɗi, kiɗan ya tsaya cak. Gwanin ya zaci wani ne ya nufo shi, ya yi abin da duk mai ladabi ke yi in yana bayi, tunda ba a magana a ciki.

Keken nan ya ƙi tashi, ɗan tarin ya biyo baya. Har Mikail ya cusa murfin cikin riga kafin ya hango Alhaji a ƙofa, bakinsa a rufe yake, daga lasifika abin ke fitowa.