Gwangwanin Sulallan Baba

Na'urar ta yi ƙara, Yaya ya durƙusa ya tona da cokalin magina, ya ciro murfin kwalbar lemo. Na goma sha huɗu ke nan tun safe. Ya jefa shi cikin bokitin fenti inda ƙusoshi da mukullai masu tsatsa suka taru, ya share gumi da bayan hannu.

Ita dai na'urar gano ƙarfen ta 'yan koyo ce, mafi arha a shagon: sanda mai faifai a ƙasa da ɗan akwatin batir a sama. Ba ta san bambancin sulai da ƙusa ba, kowane ƙarfe ɗan'uwanta ne, kuma abin da ya wuce taƙi ɗaya a cikin ƙasa ba ruwanta da shi. Mai shagon ya ce masu sha'awar tsofaffin kuɗi tsohon filin ƙwallo suke zuwa, ko tashar motar da aka daina amfani da ita. Yaya ya ce to. Wata biyu ke nan bai kai ta ko'ina ba sai tsakar gidan mahaifiyarsa.

"Mutum da sana'arsa ta gyaran firji, ya koma shara da sanda," in ji Mama daga kan kujerarta a inuwa. "Yau me aka samu?"

"Murfin kwalba, Mama."

"Allah ya sa albarka. An kusa yin arziki."

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ranar Litinin magina za su zo su malale tsakar gidan da siminti, yau kuwa Asabar.

Shekara goma sha biyar da suka wuce, mahaifinsu yana da gwangwanin shayi cike da tsofaffin sulalla na ƙasashe dabam-dabam, wasu da huda a tsakiya. Auta ne kaɗai yake zama su goge su tare, har Baba ya ce in ya mutu nasa ne. Wata rana aka nemi gwangwanin sama da ƙasa aka rasa. Da Baba ya tara su, Yaya ne ya ce ya ga Auta ya fita da wani abu ƙunshe a hammata. Auta ya rantse har muryarsa ta dishe, Baba ya nuna masa ƙofa. Yana da shekara ashirin ya ɗauki jaka ya bar garin.

Bai sake tako gidan ba sai ranar jana'izar Baba, shekara bakwai baya. Ya gaisa da kowa, ya rungumi Mama, ya wuce Yaya kamar turken rumfa.

Maganar nan guda ɗaya da ya yi a kan Auta ita ce take cin Yaya. Tana hana shi jin daɗin abinci, in aka ambaci Auta a waya sai ya tuna da wani firjin da ke jiransa a shago. Matarsa ta riga ta yanke nata hukuncin: Baba mutum ne mai ɓoye-ɓoye, wataƙila shi ya binne abinsa ya manta, shi ne mijinta yake haƙa don ya wanke ƙaninsa. Har tausayinsa take ji, tana saya masa batir. Tausayin nan ya fi komai yi masa ciwo.

Ya koma gindin katanga, ya taka sawu uku, ya shiga lilo da faifan a hankali dab da ƙasa. Shiru. Wajen nan ya tone shi ya fi sau goma.

"Kana ta manne wa katangar nan," Mama ta ce, ba ta ko ɗago daga tsintar wake ba. "Ai ba a nan take da ba. Babanku ya matsar da ita shekarar da ya sare bishiyar lemo, lokacin kana aiki a wani gari. Yana jin ƙarfi a lokacin, har tafiyar kwana biyu ya yi shi kaɗai. Kututturen yana wajen famfo, kusa da inda tsohuwar katangar take, kuma an zuba yashi tifa biyu a kai."

Yaya ya ajiye sandar. Ya ɗauko shebur ya kwashe yashin gefen famfo har ya kai ga jar ƙasa, sannan ya kunna na'urar. Wannan karon ba ɗan ƙit-ƙit ta yi ba, kuka ta ja mai tsawo ba tsayawa.

Ya durƙusa ya tona. Baƙar leda ta bayyana, a cikinta tsumman shuɗin yadi, a cikin tsumman gwangwanin shayi da ya yi tsatsa. Ya ɗago shi ya ji babu nauyi, ya girgiza bai ji motsin komai ba.

"Buɗe mana," Mama ta ce. Ta ajiye farantin waken a cinya, ta zuba masa ido.

Murfin ya ƙi, sai da ya sa bakin cokali ya ɓamɓare shi. Babu sulai ko ɗaya, sai wata takarda a naɗe cikin farar leda. Tun kafin ya warware ta ya gane karkataccen rubutun mahaifinsa.

"Yaya, da za ka binne shi ka naɗe shi da rigar aikinka, mai sunanka a ƙirji. Na kai wa Auta sulallansa, na roƙe shi gafara. Saura kai."