Motar Da Ke Ƙara Wa Kanta Mai

"Sake taka ta mu gani," in ji Dogo mai gyaran birki.

Makanike ya taka totur ɗin motarsa. Shuɗin hayaƙi ya sake turnuƙe garejin da warin ƙonannen baƙin mai. Abokan aiki suka kwashe da dariya.

"Likitan turbo! Ka warkar da na mutane, taka ta gagare ka?"

Makanike ya kashe motar. Sau biyu yana canza mata turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji. Ya wanke bututun iska, ya duba ringin inji, komai lafiya lau. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, motar da ke ƙona mai, man cikinta raguwa yake yi. Tasa kuwa, duk ranar da ya zaro ma'auni sai ya tarar mai ya wuce layi. In ya rage yau, gobe ya dawo.

Washegari ya fito daga gida da sassafe, sai ya ga bonet ɗin motar a buɗe. Babansa ne tsaye, tsohon direba, wanda shekara biyu ke nan bai gane kowa a gidan ba. Yana tsiyaya baƙin mai daga galan cikin injin.

"Baba! Me kake yi?"

Tsohon ya dube shi kallon baƙo.

"Bawan Allah, riƙe mini mazurarin nan. Ɗana ne ke tuƙa ta, shi kuwa ba ya duba mai. Kada ta tsaya masa a hanya."

Makanike ya sa hannu ya riƙe mazurarin.