Randar da Ba Ta da Zane

Yau kwana tara ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, saboda maganar 'yata Sa'adiyya. Shekara shida tana aiki da wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Ita ke tsara aiki daga farko har ƙarshe: ranar da injin zai iso, wa zai kawo siminti, yaushe za a zauna da mai gari. Sau biyu ana samun babban aiki, sau biyu ana ɗauko wani daga waje a ɗora shi a kanta, wai yana da takardar shaidar ƙwarewa a kan tafiyar da ayyuka, ita ba ta da ita. Yanzu an buɗe rajistar karatun. Wata shida ne, duk Asabar da Lahadi, sannan jarrabawa, kuma ranar Juma'a za a rufe. Yaranta biyu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba, ni zan riƙe su ga ciwon gwiwa. Ta ce, "Umma, in kin ce in bari, na bari." Ni da iyakata aji shida, a ganina wanda ya iya aiki ya iya, me takarda za ta ƙara masa? Na kai kukana wurin Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina. Ba ta ce mini e ko a'a ba. Misali ta ba ni.

Ta ce an yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye, wadda randarta ko a tsakiyar bazara ka sha ruwanta sai haƙoranka sun amsa. Ta san ramin da ake samun yumɓu mai kyau, ta san yawan ƙaiƙayin da za ta zuba a kwaɓi, in ta ƙwanƙwasa tukunya da bayan yatsa ta san ko za ta kai shekara goma. To, al'adar matan garin, wuri ɗaya suke tara tukwanensu su gasa, don haka kowace mace tana da zanenta da take yi a wuyan tukunya tun tana ɗanya. Wata ta mirgina totuwar masara, wata ta ja layi uku da tsinke. Masu koyo ne kawai ba sa zane. Ita wannan gwanar ta raina abin. In an yi mata magana sai ta ce, "Ruwa ake sha, ba zane ba." Kuma gaskiyarta ne, a ƙauyen ko makaho ya shafa randa ya san hannunta.

Ana nan, sai wani falke ya zo ya kwashi tukwanen garin gaba ɗaya ya kai babbar kasuwa, inda babu wanda ya san kowa. Bayan wata biyu ya dawo da randa ɗaya a lulluɓe cikin buhu. Ya ce wadda ta saya ta addabe shi, maƙwabtanta duk irinta suke so, ya zo neman mai wannan hannun ya ba ta aikin shekara. Gwanar na hango randar ta gane tata ce, kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro. Amma wuyan randar fayau yake, babu ko ɗigo. Kafin ta buɗe baki, mata biyu daga cikin masu koyo sun ce tasu ce. Falke ya dubi wannan, ya dubi waccan. Shi baƙo ne, bai san hannun kowa ba, rana kuma tana yi masa. Sai ya ba da aikin ga wata mai layi uku, wadda aikinta ba laifi, ba kuma yabo, don ita ce in tukunya ta yi yoyo zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Gwanar ta koma gida. Akwai randuna goma sha biyu a inuwar zaure, sun bushe suna jiran wuta. Ta ɗauko ƙusa, ta zaɓi wadda ta fi kyau, ta fara kankara mata zane. Ƙasar ta riga ta ƙeƙashe. Ta danna, ya ƙi shiga. Ta ƙara dannawa, sai randar ta tsage daga wuya har ciki.

Da Gwaggo ta kai nan sai ta gyara carbinta ta ce, "Zane ba ya sanyaya ruwa, 'yar nan. Amma Sa'adiyya ta fita daga ƙauyen da aka san hannunta, kuma kanta bai bushe da karatu ba tukuna."

Na dawo gida na tarar da ƙaramin jikana yana jan zanen uwarsa, ita kuma tana zaune da takardar rajistar a cinya, ba ta cike ko layi ɗaya ba. Shi ma fa ɗanyen yumɓu ne, yana bukatar hannunta. Wata shida ba kwana shida ba ne, gwiwar nan kuwa ni na san yadda muke kwana da ita. Amma in na ce ta jira yara su girma, wa ya san irin bushewar da za ta yi kafin nan?

Jama'a, ku da kuka fi ni sanin boko, me zan ce mata kafin Juma'a? Ni dai na sayo man zafi na ajiye, na kuma share ɗakin da yaran za su riƙa kwana, don duk inda na juya, karin maganar da Gwaggo ta sallame ni da ita nake ji: tun ran gini, tun ran zane.