Tocila a Bakin Bindiga

Dogo ya ƙara murɗa notin da ke riƙe da tocilar a ƙarƙashin bakin bindiga, ya girgiza ta, bai ji motsi ba. Ya manna makunninta daidai inda babban yatsansa na hagu zai kwanta. Aiki ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba.

Ban da Barkono. Tsohon da ke jarraba masu neman aikin gadi a kamfanin bai taɓa yabon kowa ba, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Yana tsaye hannuwa a baya. Ko bindigar bai taɓa ba, da ɗan sandansa ya nuna ta kamar mai nuna mushe. Daga nan ya miƙo ƙaramar tocila ta hannu.

"Wannan ta nema ce," in ji shi. "Waccan ta jikin bindiga, kada ka haska abin da ba ka yi niyyar kashewa ba. Ka ji, ko sai na rubuta maka a goshi?"

Dogo ya karɓi tocilar. Ya tsani tsohon nan, tsana ta gaske. Sau biyu yana kayar da shi, kuma a kamfanin ba a zuwa na huɗu. Ga matarsa da tsohon ciki, suna raɓe a gidan yayansa, yayan kuwa ya fara irin tarin nan na mai son a ba shi wuri. Yau ko aiki, ko titi.

Jarrabawar ba ta da wuyar faɗa. Za a kashe fitilun babban sito, a rufe ƙofa. A cikin layukan kwalaye an ɓoye gumakan katako biyar, su ne ɓarayi. Bindiga babu harsashi. Ka nemo su, ka ɗana kunama, ka wuce.

A bakin ƙofa mai sharar siton ce zaune da kular abinci a cinya, mace 'yar shekara talatin mai ɗingishi, wadda ba ta gaida kowa. Kullum ranar jarrabawa a nan take.

"Matsa mana, Gurguwa," in ji Dogo. Ta janye ƙafar da hannu biyu.

Aka ja ƙofa. Duhu ya rufe, ko tafin hannu ba a gani, sai warin kwali da maganin ɓera.

Layi na farko ya bi da tocilar hannu kamar yadda aka ce, ya samu gunki ɗaya. Sai dai abin ya ishe shi: hannu ɗaya tocila, ɗaya bindiga, ga lokaci yana gudu. Wa zai gan shi a wannan duhun? Ya zura ta aljihu, ya ɗaga bindiga da hannu biyu, ya shiga haska lungu da bakinta. Nan da nan ya samu gunki na biyu, na uku, na huɗu. Har ya fara tsara yadda zai kalli tsohon in an miƙa masa kaki.

Sai ya ji jan ƙafa a bayansa.

Ya juya a firgice. Hannun hagu ya matse makunni, na dama ya matse tare da shi, don hannu ba ya tsorata shi kaɗai. Kunamar bindiga ta ce ƙas.

Haske ya sauka a kan mai shara, rungume da kularta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Fitilu suka kama. Barkono ya fito daga bayan kwalaye. Ya kalli Dogo, ya kalli ƙasa, ita kam bai dube ta ba.

"Ka kashe mutum," in ji shi. "Ajiye bindigar, ka fita."

Nan Dogo ya fashe. "Mugu! Azzalumi! Tarko ka ɗana mini da wannan gurguwar! Kai wa ka taɓa harbi? Kowa a gidan nan ya san ko riƙe bindiga ba ka iya ba. Ka toshe mini hanyar abinci a kan dokar da ka ƙirƙira da kanka!"

Mai sharar ce ta jawo ƙafa har gaban Dogo, ta ɗage bakin zaninta kaɗan. Inda ya kamata a ga gwiwa, ƙarfe ne da maɗauri.

"Ya taɓa harbi, sau ɗaya, a layin nan, ina kawo masa abinci," ta ce. "Shi ma a bakin bindiga ya ɗaure tocilarsa." Ta juya ta miƙa wa tsohon kular. "Karɓi, Baba. Yau dai ban zubar ba."